Lafiya Kafin Ado: Jinyar Baki Bayan Aikin Haƙori, da Hanyoyin Gyara Shi

Jawabi Don Wayar da Kan Jama'a



Hausawa na cewa lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Duk wanda ciwon haƙori ya taɓa hana wa barci ba ya bukatar a fassara masa wannan karin magana. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2022, ta ƙiyasta cewa mutane wajen biliyan 3 da rabi ne ke fama da cututtukan baki, wato kusan rabin mutanen duniya. A ƙasar nan kuwa, da yawa ba sa zuwa wurin likitan haƙori sai ciwo ya ci ƙarfinsu, lokacin da babu sauran dabara sai cirewa.

Jawabin yau ya shafi abubuwa biyu. Na farko, yadda mutum zai yi jinyar bakinsa bayan an yi masa aikin haƙori. Na biyu, hanyoyin da ake da su na cike giɓi da gyara kamannin haƙora. Ƙa'idar da ta haɗa su guda ɗaya ce: sai baki ya warke sarai, sa'an nan a yi maganar ado.

Abin da Ke Faruwa Bayan An Cire Haƙori

Baligi yana da haƙora 32, kowanne da saiwarsa a kafe cikin ƙashin muƙamuƙi. Idan aka cire haƙori, sai ya bar rami a cikin ƙashin. Nan da nan jini ya taru a ramin ya daskare, ya zama guda. Wannan gudan jini shi ne ainihin maganin wurin, domin shi ke rufe ƙashi da jijiyoyi, kuma a kansa ne sabon nama yake tsirowa. Dasashi yakan haɗe cikin mako 1 zuwa 2, amma ƙashi yakan ɗauki wata 3 zuwa 6 kafin ya cike ramin. Saboda haka duk dokokin da likita ke bayarwa a ranar farko manufarsu ɗaya ce, wato kada a taɓa wannan gudan jini.

Alal misali, a ɗauki magidancin da aka cire wa turmi da hantsi. Yana fita daga asibiti sai ya tofar da audugar da aka sa masa, ya je famfo ya kurkure baki da ƙarfi, ya kunna sigari, da yamma kuma ya sha shayi mai zafi. A ranar ba zai ga komai ba. Amma bayan kwana 2 zuwa 4 sai wani zogi ya taso, wanda ya fi na farko tsanani, yana harbawa har cikin kunne, ga wari a baki. Dalili shi ne gudan jinin ya fita, ƙashi ya zauna a buɗe. Sai ya shiga cewa likita bai iya aiki ba, alhali kuwa shi ne ya warware aikin da kansa. Wanda wannan ya same shi ya koma asibiti, a wanke ramin a sa masa magani a ciki, zai sami sauƙi.

Dokokin Ranar Farko

1. Majiyyaci ya cije audugar da aka ɗora masa har minti 30 zuwa 45, ba tare da surutu ko taunawa ba.

2. Kada ya kurkure baki, kada ya riƙa tofar da yawu da ƙarfi, har sai an yi awa 24. Mai alwala ya sani cewa a mazhabar Malikiyya kurkurar baki sunna ce, ba ta cikin farillan alwala. In zai yi, ya sa ruwa kaɗan ya bar shi ya zubo da kansa.

3. Kada ya zuƙi lemo da tsinke, kada ya tsotsi wurin, kada ya sa harshe ko yatsa ko tsinken sakace a ramin.

4. Ya ƙaurace wa sigari da shisha har kwana 3 aƙalla, in da hali mako guda. Haka kuma goro da barasa.

5. Kada ya ci komai sai allurar kashe zafi ta sake shi, abin da kan ɗauki awa 2 zuwa 4. Iyaye su sa ido a kan yara, domin yaro yakan ciji leɓensa har ya yi rauni bai sani ba.

6. Abincinsa ya zama mai laushi, wanda ya huce, kamar kunu, koko, fate, dafaffen ƙwai, ayaba da nono. Ya yi tauna ta ɗaya gefen. Ya bar rake, ƙanzo, aya, gyaɗa, guguru da kilishi sai wurin ya haɗe.

7. Ya huta, ya bar aikin ƙarfi da ɗaukar kaya. In zai kwanta ya ƙara matashi domin kansa ya ɗan ɗaga.

8. Idan kumatu ya fara kumbura, a naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta a ɗora daga waje na minti 15, a sauke, a sake.

Ganin ɗan ja-ja a cikin yawu a ranar farko ba abin tsoro ba ne. Idan kuwa jini ya dawo sosai, a ninke auduga ko hankici mai tsabta a ɗora a kan ramin, a cije na minti 30 a zaune. In bai tsaya ba, a koma asibiti.

Daga Rana ta Biyu

Bayan awa 24 sai a fara kurkure baki a hankali da ruwan gishiri. Ana zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, a yi sau 3 ko 4 a rana, musamman bayan cin abinci, har mako guda. A ci gaba da goge sauran haƙora da buroshi ko aswaki, amma a yi sannu kusa da wurin. Kumburi yakan kai matuƙa a rana ta 2 ko ta 3, daga nan ya fara saɓewa. In an yi ɗinki da zaren da ba ya narkewa, a koma ranar da likita ya sa domin a cire shi.

Game da magani, farasitamol yakan wadatar a mafi yawan lokuta, kuma likita zai iya ƙarawa da wani. Mai gyambon ciki da mai juna biyu kada su sha wani maganin zogi sai da izininsa. Asfirin yana hana jini saurin daskarewa, kuma ɗora shi a kan dasashi yana ƙona nama. Amma wanda likita ya ɗora a kan asfirin ko wani maganin tsinka jini saboda ciwon zuciya, kada ya daina da kansa. Ya dai faɗa wa likitan haƙori tun kafin a fara aiki. Haka nan mai ciwon sukari, da mai hawan jini, da mai sikila, da mai juna biyu, da wanda wani magani ya taɓa yi wa illa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa, ba kowace cirewa ce ke bukatarsa ba. In an rubuta shi, a sha yadda aka ce.

Alamun Haɗari

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida: jinin da ya ƙi tsayawa, zazzaɓi, mugunya, zogin da ke ƙaruwa bayan kwana 3, da mutuwar leɓe ko harshe da ta wuce yini guda. Mafi haɗari duka shi ne kumburin da ya sauko ƙarƙashin haɓa zuwa wuya, har haɗiya ko numfashi ko buɗe baki ya yi wuya. Wani likitan Jamus mai suna Wilhelm von Ludwig ne ya yi bayanin wannan ciwo a shekarar 1836, kuma da sunansa likitoci suke kiransa har yau. Yawanci daga ruɓaɓɓen turmin ƙasa yake tasowa, kuma yana iya toshe maƙogwaro ya yi kisa cikin ɗan lokaci. Wanda ya ga wannan alama a garzaya da shi babban asibiti ko da tsakar dare ne.

A nan ya kamata a taɓo wasu camfe-camfe da ke jawo irin wannan jinkiri. Ana cewa cire haƙorin sama yana taɓa ido. Wannan ba gaskiya ba ne. Ana cewa tsutsa ce ke cin haƙori. Gaskiyar magana ita ce ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke cin sukarin da ya maƙale a baki, su fitar da wani ruwa mai tsami da ke narka haƙori. Masu ɗiga ruwan batir ko fetur ko garin taba a kogon haƙori suna ƙona bakinsu ne kawai. Kanumfari yakan kwantar da zogi na ɗan lokaci, amma ba ya tsayar da ruɓa. Zogi yana iya ɗaukewa don jijiyar haƙori ta mutu, alhali cutar tana nan tana cin ƙashi.

Ciko, Cire Jijiya da Wanki

Ba kowane haƙori mai ciwo ne ake cirewa ba. Idan kogo bai yi zurfi ba, likita yakan share ruɓar ya cike shi. Akwai ciko mai launin azurfa, wanda ke da zaiba a cikinsa, kuma ana so a yi yini guda ba a tauna abu mai tauri a kansa ba. Ƙasashen duniya, har da Nijeriya, sun amince a Yarjejeniyar Minamata ta 2013 su rage amfani da shi saboda illar zaiba ga muhalli. Akwai kuma farin ciko mai launin haƙori, wanda ake busar da shi da haske nan take. Idan mutum ya ji cikon ya yi tudu in ya haɗa haƙoransa, ya koma a daidaita masa.

Idan ruɓa ta kai ga jijiya, ana iya cire jijiyar, a wanke cikin saiwa a toshe, haƙori ya zauna a wurinsa. Irin wannan haƙori yakan yi saurin tsagewa, saboda haka akan sa masa hula, musamman in turmi ne. Kuskuren da mutane ke yi shi ne su daina zuwa da zarar zogi ya lafa, tun aiki bai kammala ba.

Wankin haƙora a asibiti kuwa, shi ne kankare dauɗar da ta ƙanƙare a gindin haƙora, wadda buroshi ba ya iya fitarwa. Bayansa akan ji tsami da ɗan jini na 'yan kwanaki. Ba wankin ne ke sa haƙori girgiɗi ba. Dauɗar ce ta riga ta cinye dasashi da ƙashi, cire ta ne ya bayyana ɓarnar.

Hanyoyin Cike Giɓi

Cike giɓi ya wuce maganar kyau. Idan aka bar giɓi ya daɗe, haƙoran da ke gefe sukan karkato, na sama ya zazzago, abinci ya riƙa maƙalewa, tauna da furuci su canja. Hanyoyi uku ne ake bi.

Ta farko ita ce haƙoran roba da ake sawa a cire. Su ne mafi sauƙin kuɗi. Ana cire su da dare, a wanke, a ajiye a ruwa mai sanyi, domin ruwan zafi yana lanƙwasa su. Da yake ƙashi yana ci gaba da motsewa bayan an cire haƙori, sukan yi sako-sako da tafiyar lokaci, sai a koma a gyara. Kada a yi wasa da wannan, domin haƙorin roba mai sako-sako yana iya suɓucewa ya maƙale a maƙoshi, har sai an yi tiyata.

Ta biyu ita ce gada. Akan fere haƙoran da ke gefen giɓin, a sa musu hula, sabon haƙori ya rataya a tsakaninsu. Gada ba a cire ta, kuma tana da daɗin tauna. Aibinta shi ne ana taɓa haƙora biyu domin a mayar da ɗaya, kuma wajibi ne a riƙa share ƙarƙashinta kullum.

Ta uku ita ce dashe. Ana kafa wata ƙusa ta ƙarfen taitaniyam a cikin ƙashin muƙamuƙi, a jira wata 3 zuwa 6 ƙashi ya kama ta, sa'an nan a ɗora haƙori a kai. Wani likitan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Branemark, shi ne ya fara yi wa mutum irin wannan dashe a shekarar 1965. Dashe ba ya taɓa haƙoran gefe, kuma yana daɗewa in an kula da shi, amma ya fi sauran tsada nesa ba kusa ba. Ba a yi wa yaron da muƙamuƙinsa bai gama girma ba, kuma ya fi saurin lalacewa ga mai shan sigari da mai ciwon sukarin da bai daidaita ba.

Launin Haƙora

Kafin a nemi haskaka haƙora, sai an san abin da ya rina su. Akwai rini na waje, wanda goro, taba, shayi, kofi da fure suke jawowa. Wankin asibiti yakan fitar da mafi yawansa. Akwai kuma rini na ciki, wanda ya shiga tun haƙori yana ƙeruwa a ƙuruciya. Sinadarin fuloraid kaɗan, kamar wanda ke cikin man goge baki, yana kare haƙori daga ruɓa. Amma idan ya yi yawa a ruwan sha, yakan bar tabo fari ko ruwan ƙasa a haƙoran yara, kamar yadda aka sani a yankin Langtang na Jihar Filato da Kaltungo a Jihar Gombe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ya wuce miligiram 1.5 a kowace lita. Kazalika maganin tetirasaikilin, wato kafso mai ja da rawaya, yana rina haƙora idan mai juna biyu ta sha, ko aka ba yaron da bai kai shekara 8 ba. Irin wannan rini ba ƙazanta ba ce, kuma guga ba ta fitar da shi. Haƙori guda ɗaya da ya yi duhu bayan buguwa kuwa, mai yiwuwa jijiyarsa ce ta mutu, magani yake bukata kafin ado.

Likita yana da sinadarin haskaka haƙora wanda yake shafawa bisa awo, bayan ya tabbatar babu kogo ko ciwon dasashi. Yakan sa tsamin haƙori na 'yan kwanaki, ba ya canja launin ciko ko hula, kuma hasken yakan dushe in aka koma wa goro da taba. Ga tabo mai zurfi, ana iya manna wa fuskar haƙori farin ciko, ko wani siririn ɓawo na tangaran. Sai dai a sani, sa ɓawon tangaran yawanci yana bukatar a ɗan fere haƙori, kuma abin da aka fere ya tafi ke nan.

Wannan ita ce gaskiyar da ya kamata kowa ya riƙe. Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, amma ba ya sake tsirowa kamar farce ko gashi. Masu dirza haƙora da lemon tsami, toka, gawayi ko kanwa suna ganin haske na ɗan lokaci, alhali suna cinye wannan ɓawo, har rawayan da ke ƙarƙashinsa ya bayyana. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Jerin Haƙora, Haƙorin Makka da Wushirya

Haƙoran da suka hau juna ko suka turo gaba ana iya daidaita su da waya. Aikin yakan ɗauki shekara 1 da rabi zuwa 2, wani lokaci fiye, tare da komawa asibiti a kai a kai. Bayan an cire wayar akwai abin riƙewa da ake sawa don kada haƙora su koma gidan jiya. Wayar ado da wasu ke manna wa matasa a shaguna tana iya jan haƙora ba bisa tsari ba, har su yi girgiɗi.

Haƙorin Makka al'ada ce mai daraja a wurin alhazai, kuma zinariya ita kanta ba ta cutar da baki. Likitoci sun daɗe suna aiki da ita. Matsalar tana ga yadda aka sa. Idan aka fere lafiyayyen haƙori, ko aka cusa hular da ba a auna ba, abinci yakan shige ƙarƙashinta, haƙori ya ruɓe a ɓoye. Wani lokaci ma tagulla ce aka rina, mai saye yana yi wa rogo kallon kitse. Mai haƙorin Makka ya nuna wa likita ya duba, musamman in yana jin wari, ko dasashi na jini a gindinsa.

Wushirya kuwa, wadda Allah ya yi wa mutum ado ce, ba ta da illa. Amma goge tsakanin haƙoran gaba da magagari don a ƙirƙire ta yakan kai ga jijiya, haƙori ya mutu ya yi baƙi, wani lokaci har a rasa shi.

Wurin Wa Za a Je?

A Nijeriya, Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori, wato MDCN, ita ce ke yi wa likitan haƙori rajista, ta ba shi lasisin aiki da ake sabuntawa kowace shekara. Majiyyaci yana da ikon ya nemi ganin wannan shaida. Akwai sashen haƙori a asibitocin koyarwa, kamar na Aminu Kano a Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, na Maiduguri, Sakkwato, Jos, Ibadan da Legas, da Asibitin Ƙasa na Abuja, da manyan asibitocin jihohi. Masu cire haƙori a kasuwa da bakin tasha ba su da hanyar tsabtace kayan aikinsu yadda ya kamata, kuma ta haka ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki suke iya yaɗuwa. Araha ba ta ado. Duk wani man goge baki ko maganin haskaka haƙora da za a saya, a duba lambar rajistar hukumar NAFDAC a jikinsa.

Kafin mutum ya yarda a yi masa kowane aikin ado, ya yi wa likita tambayoyi huɗu: Shin za a fere lafiyayyen haƙori? Shekara nawa aikin zai yi kafin a sake shi? Nawa ne kuɗinsa duka, har da na gyara nan gaba? Akwai wata hanya da ta fi wannan sauƙi? Likitan kirki ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi.

Kammalawa

A taƙaice, wanda aka yi wa aikin haƙori ya kiyaye gudan jini a ranar farko, ya fara ruwan gishiri a rana ta biyu, ya koma asibiti da zarar ya ga alamar haɗari. Mai neman ado ya fara magance ruɓa da ciwon dasashi, kuma kada ya ba da lafiyayyen haƙori a fere don ƙawa, domin duk gwanintar likita, abin da zai sa ba zai kai na halitta ba.

Rigakafi dai ya fi magani. A goge haƙora sau 2 a rana, da safe da kuma kafin barci, da man da ke da fuloraid. A rage alewa da lemon kwalba, musamman ga yara. A je likita ya duba baki kowane wata 6, ko da babu ciwo. Ranar 20 ga Maris ta kowace shekara ita ce Ranar Lafiyar Baki ta Duniya. Magidanta na iya ɗaukarta a matsayin ranar tuna kai iyalansu a duba su. Wanda ya karanta wannan ɗan littafi ya daure ya karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa masu lafiya lafiya, amin.